Kiran da Aka Amsa a Kan Tankin Ruwa

Akwai wani dattijo, ma'aikacin hukumar da ke ba kamfanonin waya lasisi, wanda kowa a ofis ke kira Baba Awo. Kafin a sabunta wa kamfani lasisinsa, shi ake turawa ya auna ya gani ko sabis ya kai duk inda kamfanin ya yi alkawarin kai shi. In ya sa hannu, lasisi ya fita. In bai sa ba, takarda ta tsaya.

Abokan aikinsa a bakin titi suke tsayawa. Su ɗaga na'ura, su ga sabis ya cika, su koma mota tun kujera ba ta huce ba. Shi kuwa sai ya kutsa cikin gari yana tambaya, "Wa ya fi kowa buƙatar waya a nan?" A ɗakin wannan mutumin yake yin awonsa. Direbobin ofis har ciwon ƙarya suke ƙirƙira in aka ce da shi za su fita.

Saura wata bakwai ya yi ritaya aka tura shi wani ƙauye. Manajan kamfanin da kansa ya raka shi, wani matashi da ba ya iya magana da mutum ba tare da ya duba agogo ba.

A bakin titi sabis ya cika fal.

"To Baba, ka gani da idonka. Ga biro," in ji manaja.

Baba Awo ya ce a ɗan yi masa haƙuri. Ya yi tambayarsa ta kullum, aka nuna masa ƙaramin asibitin garin, mai ɗaki biyu da ungozoma ɗaya. Ya shiga har ɗakin haihuwa ya auna. Nan ma sabis ya cika.

Ungozomar ta dube shi, ta tuntsire da dariya.

"Baba, ai sabis ɗin nan don ku ya zo. Jiya da safe ya iso. In kun tafi, shi ma zai bi ku."

Ta ja shi bayan asibitin ta nuna masa tankin ruwa mai dogon tsani na ƙarfe. Ta ce can sama kaɗai waya ke kamawa. In haihuwa ta zo da gardama, can take hawa ta kira motar asibiti. Kullum kuma ƙarfe sha biyun rana takan hau ta duba ko an turo mata saƙo.

Baba Awo ya fita neman inda sabis ɗin ya fito, bai kuwa sha wahala ba. A bayan makaranta ya tarar da motar kamfani an ɗaga mata doguwar eriya, injin yana ta ruri. Sabis ɗin haya aka kawo na kwana biyu.

Ya mayar wa manaja bironsa. Manaja ya yi murmushi ya ce, "Baba, a shekarunka bai kamata ka riƙa neman rigima ba."

Bayan kwana uku Baba Awo ya hau motar haya shi kaɗai ya koma, bai gaya wa kowa ba. Ya auna ɗakin haihuwa, babu ko ɗigo. Ya dawo ya rubuta abin da ya gani.

Jama'a, kun san yadda ake yi wa irin wannan rahoto. Ogansa ya jefa shi a durowa, ya aika wani ya auno a bakin titi. Kamfani kuma ya kai ƙara cewa tsohon ya yi musu ƙazafi. Aka ƙwace na'urarsa, aka mayar da shi ɗakin ajiyar fayil, aka sa ranar da zai bayyana gaban shugabar hukumar. An ma riga an buga takardar korarsa, sa hannu kawai take jira.

A gida matarsa ta zaunar da shi.

"Malam, shekara talatin da huɗu kana aikin nan. Wata bakwai ne ya gagare ka? Kowa yana sa hannu, kai kaɗai ne hannunka ke ciwo?"

"Na ga tsanin nan," ya ce. "Ungozomar ta kusa sa'arki, kuma da ruwan sama ma tana hawa."

Tsoro take ji, kuma ba ta ɓoye ba. Amma da safe ita ta goge masa rigar da zai sa.

Ranar zaman, kamfani ya zo da lauyoyi uku da taswira mai launi-launi. Sun yi awa guda suna bayani. Da aka zo kan Baba Awo, ba shi da ko takarda ɗaya, sai wata 'yar guntuwa da ya zaro daga aljihu.

"Ranki ya daɗe, ni ban iya dogon zance ba. Ga lambar ungozomar garin. A kira ta."

A kamfanin babu wanda ya yi tunanin kai motar eriya ƙauyen a ranar, don a zatonsu a kan takarda za a gama komai. Shugabar ta ɗauki wayarta, ta sa a lasifika, ta kira. Ba a samu ba. Ta sake, ta kuma sakewa. Shiru.

"Wataƙila ta kashe wayar ne," in ji manaja.

"Wayarta a kunne take," Baba Awo ya ce. "Saura minti ashirin sha biyu ta yi. A jira."

Suka jira. Wallahi ko ni da nake ba ku labarin, in na zo nan sai tsigar jikina ta tashi. Manyan mutane cike da zaure, babu mai ko tari, kowa ya zuba wa agogon bango ido. Wanda ya fi kowa kallonsa shi ne manaja.

Sha biyu da minti ɗaya shugabar ta sake kira. Wayar ta shiga.

Abin da aka fara ji shi ne iska tana kaɗawa da ƙarar ƙarfe. Sai murya, tana haki.

"Wa ke magana? Don Allah yi sauri, da hannu ɗaya nake riƙe da tsani, kuma na bar mai naƙuda a ƙasa."

Shugabar ta ce, "Sauka, 'yar uwa. Sauka a hankali. Mun ji ki."

Babu lauyan da ya sake miƙewa. A zaman nan aka dakatar da lasisin har sai an kafa ƙarfen sabis na dindindin a garin. Shugabar ta sa aka ɗauko rahoton daga durowa, ta ce ogan Baba Awo ya karanta shi da bakinsa a gaban kowa. Ya karanta yana share gumi.

Da yamma Baba Awo ya tarar da matarsa a bakin ƙofa, tun azahar take tsaye a wurin.

"Sun kore ka?"

"A'a. Sun dawo min da na'urata. Sun ce duk garuruwan da aka auna a bakin titi, in koma in sake auna su."

Ta zauna a dakali, ta rufe fuska da mayafi, ta yi ta kuka tana gode wa Allah.

Darasi: Sa hannunka amana ce, kuma a bayan kowace takarda akwai wani da ba ka gani wanda rayuwarsa ta rataya a kanta. Ka yi aikinka tsakani da Allah ko da kai kaɗai ka rage, domin gaskiya ba ta buƙatar dogon bayani in lokacinta ya yi. Ku tura wa duk wani ma'aikaci da kuka sani, wataƙila yau akwai takardar da ke jiran hannunsa.