Gaɓa ta Uku da Arlis Ya Ƙi Zuwa Koyo

Akwai wani mai goge a duwatsun gabashin Kentucky, sunansa Arlis Tackett. Hannunsa da daɗi, wannan ba gardama, sai dai girman kansa ya fi gwanintarsa yawa.

A wajenmu, kafin mutum ya ja goge sai ya faɗi wurin wanda ya ɗauko kiɗan. Arlis yana da wani kiɗa mai gaɓa biyu da yake kira "Saukar Alfadari", kuma duk inda ya zauna sai ya bugi ƙirji ya ce kakansa ne ya ƙirƙire shi.

Ranar taron shekara a harabar coci, cikin watan Mayu, bayan an ci wake da gurasar masara, ya ja shi. Sai wata tsohuwa daga bayan dutse, Gwaggo Ozella Combs, ta ari gogen wani, ta sassauta tsirkiya ɗaya, ta ja kiɗan nan sak. Da ta kai inda Arlis ke tsayawa, sai ta zarce cikin gaɓa ta uku da bai taɓa ji ba.

Ta ce su a kwarinsu "Gada Ta Karye" suke ce masa. Mahaifinta ya ɗauko shi wurin wani baƙar fata mai aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, shi ma ba wanda ya san inda ya samo shi.

"Ka zo gida in sa maka ita a hannu, ɗan nan," in ji ta. "Ni kaɗai na rage da ita."

Arlis ya murtuke, ya ce ba ya koyon kayan gidansu a hannun bare.

Tun daga ranar ya kasa zaune ya kasa tsaye. Gaɓar nan tana yi masa yawo a ka, in ya kama farkonta sai ƙarshen ya kufce. Amma maimakon ya tuƙa mil goma sha biyu zuwa gidan tsohuwar, sai ya bazama neman hujjar da zai ƙaryata ta.

Wani dattijo ya ce masa kiɗan daga Ireland ya zo cikin jirgin ruwa. Wani ya rantse sojojin yaƙin basasar ƙasarmu ne ke busa shi da sarewa. Ya yi wuni uku a wani ɗakin karatu yana sauraron tsofaffin faya-fayai, ya ci karo da kiɗan da sunaye har huɗu. Babu sunan kakansa, babu kuma gaɓa ta uku.

Matarsa Dovie ta gaji. "Ka ƙone mai a jihohi uku kana neman wanda ya haifi kiɗa," ta ce, "ga mai riƙonsa a bayan dutsen nan. In an ba ka takardar haihuwar tasa, da ita za ka ja gogen?"

Ko wannan bai sa ya tafi ba sai a Nuwamba, da ƙaiƙayin abin ya fi ƙarfinsa. Ya ɗauki kwalbar zuma ya tafi yana jin kunya.

Ya tarar da Gwaggo Ozella a kujera, hannunta na hagu yashe a cinya. Ɓarin jikinta ya shanye tun Satumba.

Ya ba ta haƙuri, ya roƙe ta ko da baki ne ta rera masa. Ta gwada, ta tsaya, ta sake gwadawa. Sannan ta gaya masa ita ba ta taɓa riƙe kiɗan a baki ba. Tun tana shekara tara yatsunta ke tuna mata.

Arlis ya ɗauko gogenta ya ɗora mata a kafaɗa, shi yana jan bakan gogen, yana kallon yatsun ko za su motsa. Ba su motsa ba. Ya karɓa ya ja gaɓa ta ɗaya da ta biyu ko za su jawo 'yar'uwarsu, ya kai wurin ya tsaya.

"Duk Lahadi sai na sassauta tsirkiyar nan na ajiye gogen a bakin ƙofa," in ji ta a hankali. "Har ƙarshen Agusta ina jin kamar motarka ce ke hawowa."

Darasi: Girman kai yakan sa mutum ya tsaya gardamar wanda ya fara abu, har abin ya salwance a gabansa. In akwai tsoho mai ilimi kusa da kai, je ka zauna a gabansa yau. Tura wa wanda ka san yana ta cewa sai gobe.