Sadiƙu da Gawon Malam Manzo

Ƴan uwa, kwana biyar ke nan abinci ba ya yi mini daɗi. Ɗiyata Nafisa ta karɓo takardar sitaj daga jami'a, wato aikin koyon aiki kafin a ba su dipulom. Yekuwa aka tura ta, ta ce ita ba ta zuwa ƙauye. Jiya a wurin suna aka ba ni wani labari, na ce sai kun ji shi.

Akwai wata mata a Dungas, Tabawa, mai ɗa guda a jami'a, Sadiƙu, yana karatun noma. Ta gama shaida wa unguwa cewa ɗanta biro, wato ofis, zai shiga a Damagaram. Sai ofishin da ke nema wa ɗalibai wurin sitaj ya tura shi Kwaya, wajen ƙungiyar manoma, wata huɗu. Kuma ba dipulom sai shugaban ƙungiyar, Malam Manzo, ya sa hannu. Tsoho ne da ko sunansa bai iya rubutawa ba, yatsa yake dangwalawa.

Sadiƙu ya sauka da takalmi sau ciki, yana yi wa mutane gaisuwar fatar baki. A sati na farko ya ga gonar ƙungiya cike da ƙananan itatuwa, kowanne an ɗaura masa jan ƙyalle. Bai tambayi kowa ba. Ya ce ƙazanta ce, ya ɗauki adda ya share su tas.

Ashe gawo ne. Shekara huɗu Malam Manzo yana rainon su, jan ƙyallen kuwa alama ce ga makiyaya da masu itace cewa kar a taɓa. Da tsohon ya zo ya gani, bai yi faɗa ba. Ya dai ce yatsansa ba zai hau takardar yaron nan ba.

Tabawa na ji ta hau kabu-kabu, ko mayafi ba ta daidaita ba. Ta durƙusa tana ba da haƙuri, ta ce wahalarta ta shekara da shekaru tana kan takardar nan.

"Tashi, ƙanwata," in ji Malam Manzo. "Gawo ba ya mutuwa da sara ɗaya, saiwarsa na ƙasa. In ɗanki ya tashe su, in dangwala. In bai tashe su ba, ya kai wa addarsa takardar ta sa masa hannu."

Washegari Sadiƙu ya cire takalmin. Ya bi tsohon yana tambaya kamar ɗan aji ɗaya. Da kututturan suka yi toho, aka koya masa ya zaɓi biyu masu ƙarfi ya cire sauran, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki. Da bakinsa ya roƙi uwarsa tsohon jan zanenta, ya yayyaga ya ɗaura. Ya ga yadda manyan gawo ke zubar da ganye da damina su bar wa hatsi rana. Da kaka ya ƙirga damman da aka ɗaure a ƙarƙashinsu da na fili, ya tarar na ƙarƙashin gawo sun fi yawa, ya rubuta komai.

Ranar ƙarshe sai ga mota. Malaminsa ne da madam ɗin ofishin sitaj, tare da wani mutumin furoje, wato shirin tallafa wa manoma, da ke neman matashin da manoma za su saurara. Mutumin furojen ya tambayi Malam Manzo ko yaron ya iya aiki.

Tsohon ya yi dariya. "Ya iya ɓarna, ya iya gyara. Wanda ya sare gawo ya yi wata huɗu yana ba shi haƙuri, ba zai bari a sare wani ba."

Ya dangwala yatsa. A nan gindin gawo aka ce Sadiƙu ya zo ya kama aiki da zarar ya karɓi dipulom. Labari ya riga shi isa Dungas, Tabawa ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka ɗauka haihuwa aka yi.

Darasi: Kar ka raina inda aka tura ka koyo, kuma in ka ga jan ƙyalle, tambaya kafin ka ɗaga adda. Ku tura wa iyayen ɗalibai. Ni kuma ku ba ni shawara: in matsa wa Nafisa ta tafi Yekuwa, ko in miƙa mata wayar ta karanta da kanta?