Sunan da Aka Kankare a Jikin Gicciye

Akwai wani limamin cocin Otodoks mai suna Fada Ilarie, a wani ƙauye da ke kan duwatsun Maramuresh. Mutumin kirki ne, sai dai akwai shi da tsoron manya. Idan na sama da shi ya taka masa ƙafa, shi ne zai fara ba da haƙuri.

A ƙauyen akwai wata tsohuwa 'yar Katolika, Inna Veturia. Marigayi mijinta, Fada Ambroziu, limamin Katolika ne irin na gabas, waɗanda ke yin aure kafin a naɗa su. Zamanin 'yan gurguzu ya yi shekara bakwai a kurkuku don ya ƙi barin cocinsa, ita kuma ta jira shi.

Da ya rasu, aka binne shi a bayan cocin Otodoks, saboda maƙabartar ke nan a ƙauyen. Kamar yadda aka saba, kafinta ya sassaƙa sunayensu biyu a gicciyen katako, ya bar gurbin ranar mutuwarta. Inna Veturia ba ta da burin da ya wuce ta kwanta kusa da shi.

Ana nan aka naɗa sabon bishop, Serapion, mutumin kudu, inda da wuya ka ga ɗan Katolika. Ya zo ƙauyen ranar biki. Yana ratsa maƙabarta ya karanta rubutun gicciyen, ya yi murmushi.

Da ya hau wa'azi, lasifika a kunne, mutane na ɗauka da waya, sai ya ce, "Duk duniya ta san limamin Katolika ba ya aure. To matar wa aka rubuta a can? Ku kira abu da sunansa, zaman dadiro ne! A kankare sunan nan. Ba za a binne abin kunya a ƙasar coci ba."

Inna Veturia na tsaye a bakin shinge, riƙe da kwandon gurasar da ta gasa wa baƙi. Ta ajiye shi a ƙasa a hankali, ta juya gida.

Wajen cin abinci Fada Ilarie ya matso kusa da bishop. "Ranka ya daɗe, limaman Katolikan nan yankin suna aure, kamar mu. Na ga takardar auren matar nan."

"Kai ne za ka koya mini?" in ji bishop. Fada Ilarie ya ba da haƙuri, ya koma wurin zamansa.

Kafin kwana uku bidiyon ya zaga ƙasa. Malaman makarantar limamai na Otodoks su suka fara sukar bishop, suna cewa ko ɗan ajin farko ya san wannan. Jaridu suka yi ta yi masa dariya. Amma girman kai ya hana shi amsa kuskurensa. Ya aiko da saƙo cewa bishop ba ya janye wa'azi saboda surutun waya, kuma umarninsa na nan.

Kafinta ya ce ko hannunsa za a yanke ba zai taɓa gicciyen ba. Abin takaici, Fada Ilarie da kansa ya ɗauki kurfi ya kankare sunan.

Tun ranar Inna Veturia ba ta sake fita ba, abinci ma sai an matsa mata. Da Fada Ilarie ya je duba ta, ta daɗe tana kallonsa.

"Ɗana, ban yi fushi da baƙo ba, bai sani ba," in ji ta. "Kai fa?"

Kunya ta kama shi har ya kasa yi mata addu'a.

Bayan mako biyu ta rasu. 'Yarta Domnica ta zo neman izinin kabari. Fada Ilarie ya buga waya sau huɗu, sakataren bishop ya ce umarni bai canza ba. Zai iya buɗe ƙofar maƙabartar da mabuɗin da ke aljihunsa. Bai buɗe ba.

Aka binne ta a hayin kogi, cikin gonar 'yarta. Ƙauyen kaf ya raka gawar, Katolika da Otodoks. Ranar Lahadi Fada Ilarie ya yi sujada shi da bango.

Daga ƙarshe manyan coci suka tilasta wa bishop ya je ya ba da haƙuri. Ya iso da takarda a hannu, babu wanda ya tare shi sai Fada Ilarie. Suka sami Domnica tana faskare a ƙofar gida.

"'Yata, na zo in karanta wa iyayenki wannan," in ji bishop.

Ko gatarin ba ta ajiye ba. "Bismillah, ranka ya daɗe. Baba yana bayan cocinka, Inna tana hayin kogi. Sai ka ɗaga murya kamar ranar nan, don yanzu tsakaninsu da nisa."

Bishop ya tsaya da takardarsa. Fada Ilarie kuwa har yau ta gaban gicciyen yake wucewa kullum, kuma inda ya kankare ya fi sauran katakon haske.

Darasi: Kafin ka yi magana a kan addini ko al'adar da ba taka ba, ka tambayi masu ita. In ka yi kuskure ka gyara tun wanda ka ɓata wa yana da rai, in kuma ka san gaskiya kada tsoron babba ya rufe maka baki. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai mai jinkirin ba da haƙuri a cikinsu.