Ƙofar Motar Inna Tabawa

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da mota ba ta yi yawa ba, bawan Allah ne ana ce masa Nomau. Sana'arsa gyaran jikin mota, wato fanel-bita. Gareji ba nasa ba, rumfa ɗaya mai garejin ya sam masa, kuma da gudumar nan tasa yake ci da iyali. Ku saurara da kyau, jama'a.

Ana saura kwana goma Salla, sai ga wani attajiri, Alhaji Ƙasimu, ya sa an jawo wata tsohuwar mota. Ta marigayi mahaifinsa ce, shekara ashirin tana ajiye a bayan gida, kaji na ƙwai a ciki. Ya ce so yake ran Salla ya ɗauki mahaifiyarsa a ciki, su zaga dangi, gari ya gani. Injin an riga an tashe shi, jiki ya rage.

Nomau ya kankare fentin ƙofa, sai gabansa ya faɗi. Tsatsa ta cinye ƙasan ƙofofin nan huɗu, yatsa ma sai ya huda. To, kun san yadda ake yi. A cusa takardar buhun siminti a ramin, a shafe da fila, wannan ƙullun da ke bushewa ya yi tauri, a goge, a fesa fenti. Kwana uku an gama, mota na ƙyalli kamar amarya. Wa zai sani? Mai gareji ma abin da ya ce a yi ke nan.

Nomau ya ce shi dai a bar shi ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, ya yi waldar sabo. Mai gareji ya ce masa, "Nomau, in aikin nan ya kuɓuce mana, ka nemi wata rumfar."

Bawan Allah ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ɗauki gwangwanin fila, ya ajiye. Ya sake ɗauka, ya sake ajiyewa. Ya tuna bakuna bakwai da ke jiransa a gida, tsoro ya kama shi, don shi ma ɗan Adam ne. Ya zaga motar, ya kuma zagawa. Can dai ya yi bismilla, ya ɗauki almakashin ƙarfe.

Yanka, walda, bugu. Yanka, walda, bugu. Kullum Alhaji sai ya zo ya tsaya masa a ka, yana duba agogo, yana cewa shi fenti ya zo gani, ba tartsatsi ba. Nomau ya ba shi haƙuri, ya ci gaba da bugu. Abinci ma a tsaye yake ci.

Jajibirin Salla ta yi. Ƙofofi sun haɗu, ƙarfe tsantsa, amma fenti babu, mota dabbare-dabbare kamar akuya. Alhaji ya iso, ya ga haka, ya yi ta faɗa. Mai gareji ya ce wa Nomau ya tattara gudumominsa. Yana cikin tattarawa sai ya ga ana riƙo da hannun wata tsohuwa daga motar da Alhaji ya zo a ciki. Inna Tabawa ce, mahaifiyar Alhaji, ta matsa sai an zo da ita. Ashe idonta ya daɗe da rufewa.

Ta shafa jikin motar har ta kai ga ƙofar direba. Ta ce a buɗe, a rufe. Nomau ya buɗe, ya rufe. Ƙofa ta ce kif, irin ƙarar ƙarfe mai lafiya. Tsohuwa ta ce a sake. Ya sake. Sai hawaye.

Ta ce, "Shekara talatin ina cikin gida, da wannan ƙarar nake sanin Malam ya dawo. Ban zaci zan ƙara jin ta ba."

Alhaji ya sunkuyar da kai, ya ce, "Inna, ai ko fenti bai yi ba."

Ta ce, "Fenti naku ne, masu ido. Ni an ba ni nawa."

Da an cusa takarda, da ƙofar ta yi buf kamar an doki katifa, tsohuwa ta koma gida da ƙuncinta. A haka, dabbare-dabbare, aka zaga da ita ran Salla. Mai gareji kuwa da hannunsa ya mayar wa Nomau gudumominsa rumfa.

To jama'a, Nomau bai san makauniya zai yi wa aiki ba. Abin da ya sani, Allah na ganin abin da ke ƙarƙashin fenti. Kai tela, kai magini, ke mai tuwon sayarwa, kowa ya san ramin da ya cusa wa takarda. Ni ma da nake faɗa na san nawa. Rufa-rufa ba gyara ba ce, tsatsar tana nan tana ci. Ku yanke ruɓar tun da sauran kwana, don akwai ranar da za a rufe mana ƙofa a saurari ƙararta. Allah Ya sa a ji tamu lafiya.