Ai Sha Aka Ce

A layin masu gyaran firiji akwai wani mutum da kowa ke kira Barista, alhali ko ƙofar kotu bai taɓa leƙawa ba. Shi da makaranta ma tun a tsakiyar sakandare suka raba gari, ranar da ya shafa wa kujerar malamin lissafi gam. Sunan ya samo shi ne saboda hali guda: ba maganar da za ka faɗa masa bai nemo mata ƙofar baya ba. In ka ce kada ya zauna maka a kan benci, sai ya kwanta a kai, ya ce ai zama ka hana. In matarsa ta ce kada ya taɓa naman da ke tukunya, sai ya sa cokali mai yatsu, ya rantse hannunsa bai taɓa ba. Yana gamawa ya bi layi shago-shago yana ba da labari, yana dukan ƙirji, wai har yau ba a haifi wanda zai ɗaure shi da magana ba.

Barista ƙaton mutum ne. Ƙiba ta fara masa kamar wasa, har ta kai in ya durƙusa bayan firiji sai an kama hannunsa kafin ya miƙe. Gwiwoyi suka soma kuka, numfashi ya gajarce. Duk wannan raha ya mayar da shi. Abu guda ne ba ya iya yi wa dariya. Mahaifiyarsa, Inna, tana zaune wurin ƙanwarsa a hawan ƙarshe na wani dogon bene da ba shi da lifta. Ƙafafunta sun daɗe da daina sauka, nasa kuma sun daina hawa. Gwajin da ya yi na ƙarshe a rabin hanya ya zube, yana haki, sai da maƙwabta suka sauko da shi. Tun daga nan gaisuwarsu ta koma ta taga. Ya tsaya a titi ya ɗaga kai, ta leƙo, ƙanwarsa ta zuro kwando da igiya ya saka musu tsaraba.

"Inna, kin ga na rame ko?"

"Daga nan sama dai kanka kawai nake hange, shi ma ya ƙara faɗi."

Ya yi dariyar dole, ya kama hanyar gida. Wannan benen ne ya sa ya yarda aka yi masa aikin rage ƙiba, irin wanda ake ɗaura wa saman tumbi wani ɗan zoben roba, ya matse hanya, yadda abinci kaɗan zai ƙosar da mutum.

Ranar sallama likitar da ta yi aikin ta zauna bakin gadonsa, matarsa na tsaye da jaka a hannu.

"Ka saurare ni da kyau," in ji likita. "Zoben nan bai gama zama ba, ɗinki ne ke riƙe da shi. Makonnin farko ba ci, sai sha. Ruwa, romo tatacce, madara marar kitse, yogot mai ruwa-ruwa, shayi ba sukari. Kurɓa za ka riƙa yi kaɗan-kaɗan. Bayan nan mu koma niƙaƙƙen abinci, sannan mai laushi kamar ƙwai da kifi, loma ƙanana, a tauna har ta narke. In abu ya maƙale maka ka yi ta yunƙurin amai, zoben zai iya zamewa."

"Likita, a maimaita min ta farkon. Ba ci, sai me?"

"Sai sha. Abin da ake sha kawai."

Barista ya yi wani ɗan murmushi ta gefen baki. Matarsa ta ajiye jaka.

"Likita, don Allah ki ƙara masa bayani. Na san wannan murmushin, da shi ya aure ni."

Likita ta yi dariya, ta sake jero masa komai daga farko, har da hanin lemon kwalba mai gas da duk wani abu mai zare ko ɓawo. Barista yana ta gyaɗa kai. Kalma guda kawai ya ɗauka ya sa a aljihu, sauran ya bar wa asibiti kayansu.

Kwanakin farko ya bi doka, amma gidan ya hana shi zama, shi ma ya hana gidan zama. Ba yunwa ce ke damunsa ba, don cokali kaɗan na romo ke cika shi. Baki ne ya rasa aiki. Haƙora suna ƙaiƙayi, muƙamuƙi yana motsi shi kaɗai. Ya zauna a falo ya tashi, ya leƙa kicin ya buɗe tukunya ya rufe, ya kunna rediyo ya kashe, ya kwance fankar da lafiyarta lau ya sake ɗaurawa. Matarsa, wadda ke ɗinki a ɗakin tsakiya, ta ɗaga ƙafa daga keke.

"Maigida, ka zauna wuri guda mana. Jiri kake sa ni."

"Ina zama? Mutum da haƙora a baki an mayar da shi jinjiri."

Da ta gaji, ta bar shi ya tafi shago, bisa sharaɗin ba zai ɗaga komai ba. Ta cika masa fulas da romo.

A shago ma zaman bai yiwu ba. Ya zauna yana ƙwanƙwasa sukudireba a gwiwa, yana kallon tsallaken titi, inda Dogo mai kayan marmari ke yanka kankana. Can sai ya ji wani direba yana ce wa abokinsa, "Zo mu sha kankana, zafin nan ya yi yawa." Sukudireba ta tsaya cak. Barista ya miƙe a hankali, ya tsallaka titi, ya yafito maƙwabtan shago.

"Ku zo ku zama shaida. Dogo, tsakaninka da Allah, kankana cin ta ake yi ko shan ta?"

"Sha ake yi."

"Lemo fa?"

"Sha."

"Abarba? Mangwaro? Rake?"

"Duk sha ake yi, Barista. Amma ba an ce aiki aka yi maka a ciki ba?"

"Likita da bakinta ta ce abin da ake sha. Ni na ƙirƙiro yare? Yanko min."

Layi ya kwashe da dariya. Aka yanko masa kankana, ya gutsura kaɗan, ya tsotse, ya haɗiye, kowa ya zuba masa ido. Ta wuce lafiya. Barista ya ɗaga hannu sama kamar wanda ya ci kofi, ya ce likitoci sun yi karatu, amma shi ya fi su sanin magana.

Kashegari lemo ya sha, har da totuwar. Ya ji wani abu ya tokare masa ƙirji, ya yi ta zagaya shago yana shafa wurin, yana haɗiyar yawu, har abin ya sauka. Bai gaya wa kowa wannan ɓangaren ba. Labarin da ya baza shi ne zoben ya san maigidansa.

Matarsa ce ta tsinci 'ya'yan lemo a aljihun rigarsa da za ta wanke. Ta zube su a kan tebur gabansa.

"Wannan fa?"

"Shaida ce cewa na bi doka. Sha na yi."

"Ka san abin da matar nan take nufi."

"Ni abin da ta faɗa na sani. Nufi yana cikin zuciyarta, ban shiga ba."

"To bari in kira Inna."

"Kira ta. Ko a gabanta hujjata a tsaye take."

Da yamma ya je ƙarƙashin taga kamar kullum. Inna ta leƙo, ta daɗe tana kallonsa.

"An ce ba ka jin maganar likita."

"Inna, duk abin da ya shiga bakina, sha na yi. Ki tambayi layi gaba ɗaya."

"Ni ba zan tambayi kowa ba. Na dai sa ƙanwarka ta kira kafinta, an ƙara wa kujerar nan ta gefen gadona ƙarfi. Mai hannu ce, za ta ɗauke ka. Tana nan na hana kowa zama."

Maganar ta taɓa shi. Ya sunkuyar da kai, ya ce in Allah ya yarda ya kusa hawowa. Ya koma gida ya sha romonsa ba gardama, har matarsa ta ɗauka an shawo kansa.

Sai dai mai cika baki ba ya iya barin 'yan kallo su watse. Da safe yana isa layi aka tarbe shi da tsiya.

"Barista, an ce Madam ta ɗaukaka ƙara, an soke hukuncinka."

"Mun ji an mayar da kai kan fulas."

Jikinsa ya hau tsuma. Ya ajiye fulas ɗin a kan wata matacciyar firiji, ya nufi teburin Dogo, ya nuna tulin mangwaro. Dogo ya dafe kayansa.

"Wannan mai zare ne, Barista. Ko mai lafiya sai ya nemi tsinke. Ka bari ka warke, ni zan kawo maka har gida."

"Cin sa ake yi ko sha?"

"Sha ake yi, amma..."

"Kotu ba ta karɓar amma."

Ya ɗauki babba, ya ɓare da haƙori, ya hau sha irin na da, ruwan yana bin gemu, yana gatsa yana haɗiya ba tauna, don jama'a su ga ba tsoro. Bai kai ƙwallon ba ya tsaya. Wani abu ya cake shi a ƙasan ƙirji kamar an tura masa dunƙulen hannu. Ya yi murmushin dole, ya miƙa hannu aka ba shi lemon kwalba mai sanyi, ya ce wannan kam ko likita ba za ta musa sha ake yi ba. Ya ɗaga kwalbar don ta tura abin ƙasa. Gas ɗin ya rasa hanya, ya dawo da ƙarfi.

Bayan shago ya ruga. Ya yi ta yunƙuri yana riƙe da bango, idanu sun yi ja, yawu yana dalala. Dariyar layi ta mutu. Dogo ya ce a kai shi asibiti, Barista ya ɗaga hannu ya ce ba komai, yanzu zai sauka. Ya zauna ya tashi, ya jingina ya miƙe, ya zaga firiji ya dawo. A gida ya ce wa matarsa gajiya ce. Da ta ba shi ruwa ya kurɓa, ruwan ya dawo. Ya sake gwadawa, ya sake dawowa. Ba ta tsaya jin hujja ba, ta kira mota.

Aka ɗauki hoton cikinsa. Likita ta zo, ba dariya a fuskarta wannan karon.

"Zoben ya zame. Yunƙurin aman ya turo tumbin ta cikinsa, ya shaƙe. Dole mu koma ɗakin tiyata yanzu mu cire shi."

"A cire a gyara a mayar?"

"A cire. Wurin ya kumbura. Maganar wani aiki sai ka warke sarai, in ma zai yiwu."

Barista ya lashi busasshen leɓe. Hali ya motsa, ko da murya ta ƙi fita sosai.

"Likita, ke fa kika ce abin da ake sha."

"Na faɗa, kuma ka kayar da ni. Sai dai tumbinka ba ya jin Hausa."

Da ya farfaɗo bayan aikin, yana kwance da robar ƙarin ruwa a hannu, ya ji hayaniya a baranda, ana cewa a yi a hankali, a karkata ta nan. Ƙofa ta buɗe. Dogo ne da wasu maza na layi, sun jiƙe da gumi, suna ɗauke da wata kujera mai hannu da sababbin katakai a ƙafafunta. A kanta Inna ce, ta ƙanƙame hannun kujerar, ƙafafunta sun kumbura, jikinta yana ɓari saboda jijjigar bene da ta mota. Ƙanwarsa na biye da takalman Inna a hannu.

Aka ajiye ta gefen gadonsa. Ta huta tukuna, sannan ta dube shi. Rabonsa da ganin fuskarta kusa haka har ya manta. Ta tsufa fiye da yadda taga ke nuna masa.

"Kujerarka ce," in ji ta. "Na ga ba za ka zo ka zauna ba, na ce a sauko da ni a kanta."

Barista ya lalubi maganar ta gaba da ta baya, ya nemi ƙofar da zai bi ya fita da dariya. Babu. Ya juya fuska wajen bango, hawaye yana bin kunnensa.

Nas ta shigo da ɗan kofi, ta ce an yarda a jiƙa masa maƙoshi kaɗan. Inna ta karɓi cokali, ta ɗebo ruwa rabinsa.

"Juyo, Barista. Buɗe baki. Wannan shi ake kira sha."

Ya buɗe, ya kurɓa.

Mai karatu, darasin a fili yake. Wanda ya ba ka umarni don lafiyarka ba abokin gardamarka ba ne, kuma abin da yake nufi shi ne dokar, ba lungun da ka gano a cikin kalmarsa ba. Duk wanda aka yi wa irin wannan aiki ya bi matakan abincinsa da haƙuri, daga mai ruwa zuwa niƙaƙƙe zuwa mai laushi, in wani abu ya shige masa duhu ya koma ya tambayi likitansa, kada ya tambayi 'yan layi. Za ka iya kayar da mutane da wayon baki su tafa maka, amma jikinka ba ya sauraron hujja. Kuma ranar da wayon ya juyo kanka, ba kai kaɗai yake kayarwa ba, har da masu jiranka a sama.