Tasoshin Yalwa

An ce a zamanin da an yi wani sarki wanda ya tashi wata safiya ta damina ya sa aka buga tambari, irin bugun da ba a yi sai abokan gaba sun iso bakin ganuwa. Gari ya ruɗe, mata suka kwashe yara, maza suka rarumi kwari da baka. Da fada ta cika, sarki ya gyara zaman rawaninsa, ya shafa gemunsa baƙi wuluk, wanda kowa ya san rini ne amma ba mai faɗa, ya ce:

"Ya ku jama'a, an yi fari a zamanin kakana, an yi yaƙi a zamanin ubana, amma ba wanda aka jarraba da abin da aka jarrabe ni. Na aika wa matata Yalwa mundayen zinariya, ta maido, wai tasa take so. Tasa! Wadda ba kome a ciki! Na kwashe mata tasoshin kasuwa kaf, ta jera su a ƙasa, wata har bisa gado, ta zauna tsakiyarsu tana saurarensu kamar mai jin molo. Yanzu kuma ta ɗaure kayanta, ranar Juma'a za ta gidan ubanta. Ta bar ni! Ni, da ake tahowa daga nesa kallon tafiyata!"

Maza suka rataye bakunansu suka koma gona suna ƙunshe dariya.

Sarki kuwa yana son Yalwa so na gaske. In ya kishingiɗa a lambu da hantsi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na tashi, sai ya gan ta cikin gyangyaɗi a ƙetaren wani gulbi marar gaɓa, tana magana, ruwa na tafiya da muryarta. In ya farka sai ya ce, "Mace bakan gizo ce: kana ganinta sarai, ka nufe ta ta matsa." Maganar nan ta yi masa daɗi ƙwarai, har wani lokaci yakan manta da baƙin cikin, ya tsaya sha'awar hikimar kansa.

Da Alhamis ta zo ba a kwance kaya ba, sai waziri ya kawo masa wani tsoho, Malam Barmo, mai zama gindin wata tsamiya a bakin gulbi. Sarki ya so ya gwada shi, ya ce, "Ya malam, wace rijiya ce ta fi kowacce zurfi?"

Barmo ya ce, "Wadda ba a taɓa zura mata guga ba, ya sarki."

"To, me ya kai zuciyar mace duhu?"

"Ɗakin da mai fitila ya tsaya a waje. Ya sarki, me ta ce da ta nemi tasa?"

Sarki ya ɗaga kai ya ce, "Ta ce alherina na zuba a kanta kamar ruwan sama, ba ta da abin tara shi."

"Daga bakinta ka ji?"

"Daga bakin jakadiya, yadda al'ada ta tanada. Sarki ba ya shiga sashen mata. In kuma ta zo turaka nakan ba ta labarin farautata, tana yi mini fifita har in yi barci. Tana son labarin nan ƙwarai, ba ta taɓa katse ni ba."

Barmo ya ce, "Ya sarki, ni talaka ne, bai kamata in ji kukan sarki kai tsaye ba. A kira jakadiyar, ka faɗa mata, ita ta faɗa mini."

Wannan ya yi wa sarki daɗi. Aka kira Tabawa, dattijuwar da ke kai saƙo tsakanin fada da cikin gida. Sarki ya dafa ƙirji ya ce, "Gaya wa malam zuciyata ta ƙone ƙurmus, abinci ya zame mini toka, in Yalwa ta tafi na lalace."

Tabawa ta durƙusa gaban tsoho ta ce, "Malam, zaki ya ce zuciyarsa sanyi ƙalau kamar ruwan randa, tuwo na shiga, kowa ya tafi Allah ya raka taki gona."

Barmo ya ɗauki sandarsa. "Alhamdu lillahi. Ashe ba a bukatata."

Sarki ya miƙe tsaye. "Ke! Yaushe na faɗi haka?"

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, dokarka ce. Ka manta? Shekarar da Yalwa ta aiko ni in ce maka furfurar da ta fito maka ta yi mata kyau, ka fasa madubi, ka rantse duk ranar da magana marar daɗi ta sake fita bakina sai ka sa an aske mini kai a kasuwa. Tun ran nan kowace magana sai na wanke ta na shafa mata zuma. Ni kuwa ina son kitsona."

Sarki ya zauna a hankali, ya ce, "Na yafe askin. Me ta ce game da tasa?"

"Ta ce, 'Gaya wa mai gemun aro ɗakina na yoyo, damina uku ke nan.'"

"Da na aika zinariya fa?"

"Ta ce, 'Munduwa ba ta yaɓe soro.'"

A daidai lokacin hadari ya haɗo, aka fara yayyafi. Sarki ya tashi, ba dogari ba laima, ya ratsa soron da bai taɓa ratsawa ba tun da aka naɗa shi, ya ɗaga labulen Yalwa. Ya tarar da ita zaune bisa ƙunshin kayanta, ruwa na ɗiga daga rufi cikin tasoshi, wannan ta ce tim, waccan ta ce tal, kowacce da muryarta, haske na rawa a bango. Ya tsaya yana ji, sai ya gane ƙarar gulbin nan ne na mafarkinsa.

Yalwa ta dube shi ta ce, "Maigida, ka zo ganin alherinka? Matsa kaɗan, kana tare wa waccan tasar."

Bai matsa ba. Ɗigon ya jiƙa rawani, ya gangaro bisa gemu, baƙin rini ya bi farar riga. Yalwa ta ga furfura ta bayyana, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Sarki ya ce, "Yalwa, na tara gari na kai ƙararki, na zargi mata duka, ashe mai laifin yana cikin rawanina. Ni na toshe kunnena, na ce ke ce bebiya. Kwance kayan nan, ki faɗi sauran."

Ta ce, "Sauran da yawa. A fara kiran magina."

Aka kira magina. Da sarki ya koma fada, gemunsa fari, ya sa aka yi shela cewa mai kuka ya zo da bakinsa, ya kuma ce wa Barmo, "Ya malam, yau na sani: sarkin da ya hana a ce masa ɗaki na yoyo, kada ya zargi ruwan sama. Adalci daga kunne yake farawa."