Majalisar Garwashi

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo ta ɗumama mu.

Dabbobin gabashin kogi suna da wuta, na yamma suna da itace. Kunkuru ke ƙetarar da garwashi a kasko, ya dawo da itace.

Wata rana Zaki ya ce masa, "Dakata, sai manyan harkar sun zauna shawara." Ya aiki Zalɓe gayyata.

Giwa mai itace ta ce, "A gaɓarmu za a zauna."

Ɓauna mai murhu ta ce, "Ni zan taka wajenta? Allah ya kiyaye!"

Wata uku ana kai da komo, itacen gabas ya ƙare, wuta ta mutu. Da suka haɗu a tsibiri, aka ce Kunkuru ya kawo wutar a gani.

Ya ajiye kasko. "Ranku ya daɗe, ga tokarta."

Ƙurunƙus, kan ɓera a murhu mai sanyi.